Shaidar Jinin Baba

Daren jiya mafarki ya mayar da ni ɗakin gwajin da na yi karatu a ƙasar Sin. Komai na nan, sai dai ɓerayen da muke ɗura wa magani su ne sanye da fararen riguna. Ni tsintsiya aka ba ni.

A kan benci zuciyar mahaifina ce zaune, da hularsa. Ta buga biyu, ta tsaya tunani, ta buga ɗaya.

Na durƙusa. "Baba, ya jiki?"

"Lafiya lau," in ji zuciyar.

Babban ɓeran ya cire tabarau. "Shi ya sa ba ma tambayar zuciya. Ta mutanen garinku ko mutuwa take yi, lafiya lau za ta ce. Jini muke tambaya."

Sai ga mu a kotu. Jinin yana ɗiga daga ƙasa zuwa rufi, abin da ke cikinsa yana ba da shaida. Kitse ya ce an daina ƙona shi. Sukari ya ce shi kaɗai aka bar wa aiki, ya gaji. Gishiri ya ce ƙofar da yake shiga zuciyar ta ƙi rufuwa, shi kuma ba ya iya wuce buɗaɗɗiyar ƙofa.

Aka shigo da wadda ake tuhuma: baƙar saiwar nan da Alhaji Tukur, aminin Baba, ya kawo masa tsaraba daga Sin saboda ciwon gwiwa. Ta yi hamma.

"A garinmu dafa ni ake yi a daɗe, har dafina ya mutu. Wannan tsoho jiƙa ni yake yi kamar tsamiya."

"Ɗana Nafi'u can ya yi karatu," in ji zuciyar. "Da akwai illa, da ya faɗa."

Ɓerayen suka juyo gaba ɗaya. Na buɗe baki, gaisuwa kawai ke fitowa. Ya gida. Ya gajiya. Ya sanyi. Zuciyar tana amsa kowace, tana ƙara nisa tsakanin bugu da bugu.

Alƙalin ya buga guduma, ƙarar ta fito siririya, ƙal, ƙal, ƙal.

Na farka. Cokali ne ke dukan kofi a tsakar gida. Baba ke motsa jiƙonsa na safe.

Na fita ba takalmi.

"Baba, ajiye kofin nan."

Ya ɗago, yana jiran gaisuwa. Ban gaishe shi ba.