Akushin Shee Lali

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Shee Lali, kuma tun muna yara ba ta taɓa hana ni jin ƙamshin abin da ake dafawa a gidansu ba. Ɗan gwaggona ne, abokin wasana, don haka duk baƙar maganar da na yaɓa masa dole ya haɗiye. Sai dai Allah Ya yi shi cikin mutanen nan da in suka faɗa teku sai su fito da kifi a aljihu. Wannan abu ya daɗe yana ci mini rai.

Sana'armu ɗaya. Idan iskar arewa ta shekara-shekara, wadda muke kira kaskazi, ta kaɗo jiragen Hindu da na Larabawa zuwa tsibirinmu, kowane mai masauki yakan shiga kwalekwalensa da akushi a rufe, shinkafa da madarar kwakwa da kifi, ya je ya tarye su. Baƙon da ya buɗe akushinka ya ci ya zama naka a wannan shekara. A gidanka zai sauka, kai za ka sayar masa da yadinsa, kai za ka nemo masa hauren giwa, wanda ya cuce shi kuwa kai ya cuta. Kuma ba mai sa baki a sha'anin baƙon wani.

Baƙin Shee sun fi nawa yawa. Ƙofar gidansa ma ta fi tawa, katakon Hindu ne mai sassaƙar furanni da ƙusoshin tagulla, har baƙi kan tsaya kallonta. Amma ina da abu guda da ba shi da shi, wato Nahoda Lukmanji na Kambaya ta ƙasar Hindu, shugaban jirgin da ya fi kowane girma. Mahaifinsa a gidan mahaifina yake sauka. Abin da gidana ke ci daga kaskazi zuwa kaskazi ta hannunsa yake fitowa, kuma in na wuce ƙofar Shee raina ya sosu, sunan Lukmanji nake tunawa in ji sanyi.

Ana nan sai Turawan Fotugal da ke sansanin dutse a bakin mashigi suka yi sabon Gwamna. Sayen kujerar suke yi a can ƙasarsu, shekara uku kuma ake ba mutum, saboda haka kowanne da yunwarsa yake zuwa. Ranar da jirginsa ya iso, mu duka muka tsaya a gaɓa muna kallo, sai ga Shee a kwalekwale da akushi a cinya. Ya je ya miƙa wa Gwamna kamar wani falke, Gwamna kuwa ya buɗe ya ci.

Gari ya ɗauka: Shee Lali ya kama baƙon da ba a taɓa kama irinsa ba. Ranar ko loma ban iya kaiwa baki ba. Matata Mwana Tima ta ce in ci abinci, in bar mai akushi da akushinsa. Na ce mata ba ta san komai ba. Abin da ya fi ƙona ni shi ne dabarar a fili take, ni ma da kwalekwalena, amma ba ta faɗo mini ba.

Da yamma muka haɗu a dakalin masallaci, yana sanye da jar hular da aka ba shi a sansani.

Na ce, "Sannu, amaryar Gwamna. Yaushe za ka tare?"

Ya yi dariya ya ce, "Kombo, in ka ga dama zan roƙa maka aikin wanke masa cokali."

Gwamna ya sa tafinta ya bayyana masa al'adar akushi, sai ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi ya watsar da sauran. Ya sauke wa Shee dilolin yadi da ruwan teku ya ɓata, ya ce mai masauki ya sayar masa a farashin da ya yanka. Ya yi shela cewa duk hauren da ya ƙetaro daga tudu sansani za a fara kai shi. Wanda aka kama ya ɓoye, a ƙwace, a kuma ɗaure shi a rana. Daga bisani ya ce kowane jirgi ya tsaya a ƙarƙashin bakin igwa, kuma kwalekwalen Shee ne kaɗai zai fara zuwa, da sojoji a ciki.

Mutane suna cewa Shee ya rame. Ni hular nake gani, da kujerar da ake ajiye masa a sansani.

Da kaskazi ta kawo Lukmanji, na shiga kwalekwale da akushina kamar kullum. Ban yi nisa ba wani soja ya ɗaga mini bindiga. Daga nan inda na tsaya ina hango komai. Shee ya hau jirgin, kansa a sunkuye, sojoji a bayansa. Lukmanji ya dubo ni ta kan ruwa, ya dubi bindigogin, sannan ya buɗe akushin Shee ya ɗebi loma. Na juya gida, na zuba wa kaji shinkafar.

Gwamna ya kwashe yadin Lukmanji a farashin wulaƙanci, ya ɗora masa wani harajin da ba mu taɓa jin sunansa ba. Da Lukmanji ya yi gardama, sai aka kwance filafilan jirginsa, manyan yadin nan da iska ke turawa, aka kai sansani. Ga iskar kusi mai mayar da jirage ƙasashensu ta kusa juyowa, wadda in ta wuce mutum sai ya shekara kafin ya ga gida. Bayan sallar Juma'a Lukmanji ya riƙe mini hannu, ya tuna mini da mahaifina, ya tambaya ko akwai abin da zan iya yi.

Na ce, "Bwana Nahoda, bana ba akushina ka ci ba."

Gaskiya na faɗa, kowane dattijo a garin zai shaida. Baƙon Shee ne, ba ni da hurumin shiga. In kuma ana so a ji, har da daɗi na ji a raina cewa yanzu zai gane bambancin gidana da na maƙwabcina.

Wata safiya na ji bugun guduma. Na leƙo sai na ga kafintoci suna cire ƙofar Shee, sojoji na jira da amalanke. Na ce a raina, yau baƙo ya cinye mai masauki har da murfin akushi. Mwana Tima ce ta kawo mini sauran labarin daga wajen mata. Ba ƙwace aka yi ba. Gwamna ya daɗe yana sha'awar ƙofar, shi ne Shee ya ba shi ita a bakin filafilan Lukmanji. Ya kuma sayar da gonarsa ta kwakwa da zinaren matarsa, ya sayi haure a hannun Gwamnan da tsada, don kada jirgin ya koma fayau.

Na sami Shee yana rataya tabarma a inda ƙofar take. Na ce masa hauka yake, ai tilas aka yi wa mutumin ya ci, tilas aka yi masa shi ma ya kai, wa zai kama shi da laifi?

Bai ko juyo ba, ya ce, "Ya ci abincina, Kombo. Miƙo mini igiyar nan."

Lukmanji ya tafi da kusi. Labari kuwa ya riga kowa isa Kambaya da Maskat. Kaskazi ta gaba muka zauna a gaɓa muna kallon jirage suna wuce mu can nesa, sun nufi tashoshin da babu igwa. Haure ya daina ƙetarowa, masaƙa da maƙera suka fara ƙaura, ciyawa ta fito a rumbunan ajiya. Gwamna ya cika shekarunsa ya loda akwatunansa, da ƙofar Shee a naɗe cikin buhuna, ya tafi bai ko yi sallama da mai masaukinsa ba. Jar hular ma ya sa aka karɓe.

Wanda ya gaje shi zazzaɓi ya kwantar da shi tun zuwansa, sojoji suka yi sanyi. A kaskazin bana sai ga jirgi guda ya karkato zuwa mashiginmu, na kuwa gane filafilan tun daga nesa. Na sa aka yanka zakaran da ya rage mana. Mwana Tima ta zuba kanumfari da kirfa, ta yi girkin da ba ta taɓa yin irinsa ba. Na riga Shee isa, don kwalekwalensa yoyo yake. Na kuma san abin da ke cikin akushinsa, tun da ta katanga na ji: dawa ce da busasshen kifi.

Lukmanji ya rungume ni, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya yi wa mahaifina addu'a. Na miƙa akushi. Ya ɗora hannu a kan murfin, bai ɗaga ba.

Ya ce, "Allah Ya sa albarka, Bwana Kombo. Ina jiran mai masaukina."

Muka tsaya tare muna kallon Shee yana tafe a hankali, yana tuƙi yana kwashe ruwa da ƙoƙo.

Yanzu haka suna can bayan tabarma, ina jin dariyarsu ta katanga. Ƙofata tana nan daram, ko ƙusa ɗaya ba ta rasa ba, amma wallahi ban taɓa jin ƙyashin Shee a zamanin ƙofarsa mai tagulla kamar yadda nake jin sa yau ba. Mwana Tima ta sake leƙowa ta ce in zo in ci zakaran nan kafin ya huce.