Ranar da Aka Yi wa Titi Wanka

Tun da aka ce baƙin gwamnati za su zo, Inna Kulu ta kasa zama. Ta shiga ɗaki ta fito, ta leƙa zaure ta dawo, ta ɗauki ludayi ta ajiye, ba ta ma san abin da ta ɗauke shi ta yi da shi ba. Mijinta Malam Isyaku yana jingine da bango a kan tabarma, yana tarin nan nasa mai kama da ana jan gwangwani a kan tsakuwa.

"Ke Kulu, zauna mana. Kina sa ni jiri."

"In zauna? Ai zaman da muka yi ne ya kwantar da kai."

Gidansu a bakin titi yake, titin da ya ratsa Sharada ya nufi kamfanoni. Da can gonar uban Malam ce wurin, gero ake nomawa. Aka zo aka yanka, aka kafa masana'antu, aka shimfiɗa kwalta. Kwaltar ta mutu babu wanda ya yi mata jana'iza. Yanzu tireloli ne ke bi, wannan da siminti, wannan da fatu, wannan da buhunan garin roba, kowace ta wuce sai ta tayar da wata baƙar ƙura mai ɗaci, ta faɗa tukunya, ta faɗa randa, ta sauka a ƙirjin mutum ta yi zamanta. Malam a masaƙa ya ƙare ƙuruciyarsa. Masaƙar ta rufe, ya dawo gida da ƙirji mai kuka. Likita ya ce auduga ce ta fara, ƙurar titi ce take ƙarasawa, in ba a raba shi da ita ba sai dai haƙuri.

"Haƙurin naka ko nawa?" in ji Inna Kulu. Likitan ya miƙa mata takardar magani.

A rediyo ta ji maganar. Wai gwamnati ta ware kuɗi, unguwannin da ke maƙwabtaka da masana'antu su nemi motar shara, irin mai tsotse ƙura ta haɗiye a cikinta. Amma ba kowa za a ba ba, sai an zo an auna an ga ƙurar taku ta kai. Inna Kulu ba ta san alif ba, amma ta san ƙofar gidan Mai Unguwa Muntari. Ta yi ta sintiri har ya gaji ya sa aka rubuta takardar nema, ita ta fara dangwala yatsa. Daga nan ta koma hawa acaɓa zuwa ofishin da aka kai takardar. Ta je, ta koma, ta sake komawa, har masinjoji suna jin muryarta tun daga bakin get sai su ce, "Ga Inna mai ƙura nan."

"Ni ce. Ku kuma masu zaman banza, ina ogan naku?"

To yau ga ranar ta zo. Gari bai gama wayewa ba ta yafa mayafi ta tafi mararraba wajen gidan mai, don kada baƙin su ɓata hanya, ko wani mai wayo ya karkatar da su layinsu. Ta tsaya. Ta tsuguna. Ta miƙe. Mai shayi ya ba ta benci ta ƙi. Duk farar motar da ta ɓullo sai ta tare ta, har wani direba ya tambaye ta ko lafiyarta ƙalau. Sai da rana ta take sannan motar gwamnati ta iso. Inna Kulu ba ta jira an ce bismilla ba, ta buɗe ƙofar baya ta shige.

Shugabar tafiyar wata matashiya ce, Malama Radiyya, da wani akwati a kan cinyarta.

"'Yar nan, ki ce ya ɗaga gilashi," in ji Inna Kulu. "Yanzu za ki ga abin da ake kira ƙura. Farin mayafin nan naki, ki yi masa sallama."

Direba ya sha kwana.

Inna Kulu ta murza ido. Ta ɗauka layin suka ɓata. Titi fes, an share shi tun daga kwana har ƙofar masallaci, ko ledar ruwa babu. An jiƙa shi sharkaf, sai ƙamshin ƙasa yake kamar an yi ruwan farko. Babu tirela ko ɗaya. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, dattawan unguwa sun sha manyan riguna. Can gefe 'yan garuwa sun jingine kurayensu, jarkoki duk babu ruwa, suna sharce gumi.

Mai Unguwa Muntari ya taho da fara'a har kunne. "Sannunku da zuwa, sannunku da hanya. Ku yi haƙuri da wurin namu."

Inna Kulu ta diro daga mota kamar ba mai ciwon gwiwa ba.

"Muntari! Ina ƙurata?"

"Haba Inna, a gaban baƙi?"

"Na ce ina ƙurata? Wa ya aike ka?"

"Inna, baƙin gwamnati ne fa. A tarbe su cikin ƙazanta? Me za a je a ce da mutanen Sharada?"

"A ce masu ƙura! Ba shi muka rubuta ba? A gabana aka yanke maka cibiya, ban san da hankalin aka haɗa aka binne ba. Ina motocin?"

Ya sunkuyar da kai. "Na roƙi shugaban direbobi su dakata sai baƙi sun tafi."

Maƙwabciyarta Talatu mai awara ta matso tana gyara ɗaurin zani. "Wallahi Inna tun asuba nake shara, har bayana ya riƙe."

"Da ya karye ma an huta."

Babu wanda ya yi don mugunta, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Kowa a unguwar haka ya tashi ya gani: in baƙo zai zo, a share ƙofar gida, a yayyafa ruwa, a shimfiɗa tabarma. Ita kanta da a gida ta tsaya, wa ya sani ko da tsintsiyar tana hannunta.

Malama Radiyya ta buɗe akwatinta, ta kafa wata na'ura a kan ƙafafu uku a bakin titi. Na'urar ta yi ta zuƙar iska tana gunji ƙasa-ƙasa. Aka kawo lemo, aka yi addu'a, Mai Unguwa ya yi jawabi. Inna Kulu kuwa tana zagaye na'urar kamar kaza da ƙwai a ciki. Malama Radiyya ta duba, ta sake dubawa.

"Faɗi mana."

"Inna, iskar nan ta fi ta ofishinmu kyau."

"To zo ki ga mutum, ki bar ƙarfe." Ta kama hannunta ta ja ta zuwa ƙofar gidansu. Ga Malam Isyaku nan a kan dakali, ya fito da kansa, ya sa hularsa ta Juma'a, fuskarsa ta washe. Rabon da ya zauna a waje har an manta.

"Sannu da zuwa, 'yata," ya ce. "Yau dai alhamdulillahi, na sha iska."

"Malam, yi mata tarin."

"Wane tari?"

"Tarin da ka hana ni barci da shi! Yi mata ta ji!"

Malam ya gyara murya, ya gwada, abin bai zo ba. Ya dubi matarsa kamar mai neman gafara. Wani a rumfa ya tuntsire da dariya, aka yi masa tsawa.

Malama Radiyya ta ja Inna Kulu gefe. "Inna, ni na yarda da ke. Na ga bangon gidajenku, na ga ganyen bishiyar can. Amma abin da na'ura ta faɗa shi zan kai, ba abin da idona ya gani ba. Ga abin da zan iya. Zan dawo kafin a rufe aikin awon nan, kuma ba zan faɗi rana ba, ko Mai Unguwa ba zai sani ba. Ku bar titi yadda yake kullum. Kada a share, kada a zuba ruwa."

"Yaushe za a rufe?"

"Kafin azumi dai."

"In ba ki dawo ba, na san ofishinku. Ki tambayi masinjojinku."

Motar tana barin layin, tireloli suka kwararo kamar an ɓalle musu ƙofa. Kafin la'asar titi ya bushe ya koma halinsa.

Daga ranar Inna Kulu ta zama mai gadin ƙura. Ta ƙwace tsintsiyar Talatu ta jefa kan rufin kwano. Ta tare ladan da butarsa zai yayyafa ƙofar masallaci, ta ce in lada yake nema ya nema a ciki. Mata suka fara cewa tsufa ya taɓa Kulu, matar da a da ko tsinke ba ya kwana a ƙofar gidanta. Ta ji, ta ce su faɗa da ƙarfi. Yayyafin da ta saba yi safe da yamma a ƙofar gidanta, shi ma ta daina, don ba za ta hana wasu ta yi ba. Ta ɗauko kujera 'yar tsugunno ta dasa a zaure, ido a mararraba. Farar mota ta ɓullo, ta miƙe. Ta wuce, ta zauna. Tuwo ya ƙone mata ba sau ɗaya ba.

Ashe ɗan yayyafin nan da ta raina shi yake riƙe da Malam. Tarin ya dawo da 'yan'uwansa. Ya daina kwanciya, sai dai ya jingina. Ta ce ya tafi Zawaciki wajen ƙanwarsa ya ɗan kwana biyu har baƙin su zo su tafi.

"A gonar ubana nake," ya ce. "Tirela ce baƙuwa, ba ni ba."

"Taurin kai kamar jakin Kano."

"Wa na koya a wurinsa?"

Watan Sha'aban ya kama, ya raba tsakiya. Ba Radiyya, ba labarinta. Inna Kulu ta je ofis, aka ce Radiyya ta fita aiki Challawa, gobe Bompai, layi ne, a yi haƙuri. Ta dawo tana zage-zage a kan acaɓa har ɗan acaɓan ya ce shi dai ba shi ya kar zomon ba.

Ran nan da la'asar tireloli suka yi jerin gwano, wata ta lalace a gaba, sauran suka tsaya suna ta hayaƙi, masu ƙoƙarin ratsewa ta gefe suna tumurmusa ƙasa. Ƙura ta rufe zaure har ba a ganin ƙofar Talatu. Malam ya tayar da salla a tsakar gida. Ya yi ruku'u, bai ɗago ba. Ta ji shiru, irin shirun da ya fi tarin muni. Ta ruga ta same shi durƙushe, hannu a ƙirji, baki buɗe, yana neman numfashi kamar kifi a tudu. Ta tallafe shi, ta jingina shi da bango, ta yi ta shafa bayansa tana kiran sunan Allah har iskar ta samu hanya ta shiga da wani ƙugi.

Ya ɗago jajayen idanu ya dube ta.

Inna Kulu ta miƙe. Ta ɗauki bokiti ta kamfato ruwa a randa, ta fita ƙofar gida ta fara watsawa da hannu, hagu da dama.

Talatu ta leƙo, hanci a cikin mayafi. "A'a, Inna! Ina dokar taki?"

"Dokar gidanku. Ɗauko naki bokitin."

"In kuma yau ta zo?"

"Ta zo mana. Gawa zan nuna mata?"

Ruwan bokiti bai kai ko'ina ba, ƙasa ta shanye shi nan take. Ta hango wani ɗan garuwa yana turo kurarsa tsakanin tireloli, ta ƙwala masa kira.

"Kai mai ruwa! Juye nan. Duka."

Ya juye jarkokin ɗaya bayan ɗaya, ƙurar ƙofar gidan ta kwanta. Daga ciki ta ji Malam ya yi tari guda, mai sauƙi, ya tsaya. Ta ɗaga kai ta dubi mararraba. Wata farar mota ta ɓullo, ta miƙe ta wuce abinta.

"Me kake kallo?" ta ce da mai ruwan. "Koma ka ƙaro."