Jadawalin Allurar Shanu

Shekara ashirin da biyu Mushe Ilyasu, wato Malam Ilyasu da Faransanci, ya yi yana buga takardu a Gure, kuma ba a taɓa maido masa ko ɗaya ba. Makiyayan yankin sun sani: in takarda ta fito daga hannunsa, sai ka kora garkenka ba tambaya. Shi ma ya san da haka, abin ma ya ɗan hau masa kai.

A 1998 ne aka kawo kwamfuta ofishin wani shirin kiwo da yake wa aiki, aka tura keken rubutunsa kan kabad. Hindatu, sabuwar sakatariyar da ta koyo na'urar a Damagaram, ta iske shi yana shirya jadawalin allurar shanu. Ya yi gida biyu kacal: ya jera sunayen wurare duka a na hagu, ya jera ranaku duka a na dama, kowanne daidai da ɗan'uwansa, yadda ya saba a kekensa.

"Baba Ilyasu, a tablo, jadawalin kwamfuta ke nan, kowane gari da layinsa ake yi, don ya riƙe ranarsa. Bari in gwada maka."

"Ke Hindatu, ina buga takarda tun kina goye. Je ki ji da naki."

Ta koma kan aikinta. Da ya gama, sai ya ƙara wa haruffan girma don tsofaffi su gani da kyau, ya buga, aka raba. Bai sake dubawa ba. Ina ruwan gwani da dubawa?

Bayan kwana goma diraktan shirin ya kira Ilyasu da Hindatu, ransa a ɓace. Likitan dabbobi ya je Kelle ran Laraba bai tarar da ko saniya ɗaya ba. Dirakta ya ce zai rubuta wa babban ofis a Damagaram cewa likitan ne ya rikita ranaku.

Hindatu ta buɗe jadawalin, ta kira Ilyasu da hannu, ta nuna masa. Sunan farko, Rijiyar Ɗan Kasuwa, ya yi wa gidan yawa da haruffa suka girma, ya karye ya cinye layi biyu, ya tura duk na ƙasa da shi layi guda. Ranaku kuwa suna nan inda suke. Kelle, mai Laraba, ta koma daidai da Juma'a. Gumi ya karyo wa Ilyasu. Ya so ƙasa ta tsage ya shige, kunyar ma ta fi yawa don yarinyar ba ta ce "ai na faɗa maka" ba.

Suna cikin haka sai ga sallama. Ardo Boyi ne, shugaban makiyayan Kelle, da sandarsa, da takardar a ninke cikin hula.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa dirakta, "likitanku ya cuce mu. Tafiyar kwana biyu muka yi da dabbobi, muka zauna bakin rijiya tun Juma'a har Lahadi. Ciyawa ta ƙare, maruƙa uku suka faɗi. Yara suka ce ko takardar ce, na ce su rufe mani baki. Takardar Mushe Ilyasu ce."

Dirakta ya jawo alƙalami. Hindatu ta duƙar da kai, a fili yake ba za ta tona ba. Da Ilyasu ya yi shiru, da shi ke nan, likita ya ɗauki laifin.

"Ardo," in ji Ilyasu, "likita ya zo a ranarsa. Takardar ce ba daidai ba. Ni na ɓata ta. An so a gwada mani, na ƙi."

Ardo Boyi ya daɗe yana kallonsa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya ciro takardar, ya shimfiɗa ta a kan teburin Ilyasu, ya lailaye ta da tafin hannu.

"Allah shi kyauta, Mushe. Kowa na kuskure." Ya ɗauki sandarsa, ya juya wajen dirakta. "Gaba in kun aiko takarda, za mu turo mutum shi tambaya da baki, kafin mu tashi shanu."