Kafin Mararraba

Kayan Auta a jaka ɗaya suka dawo gida, shi kuwa bai dawo ba. Motar da ya shiga ta kife ne dab da mararraba, inda titi ya rabu biyu, na dama ya nufo garinsu, na hagu ya wuce gaba. Direban bai yi rai ba, balle a tambaye shi inda yaron ya ce zai sauka. Abin da ke cin mahaifinsa Tela ke nan, har ya fi mutuwar kanta cin sa. Gida ɗansa ya nufo, ko wucewa zai yi?

Tela dai mutum ne mai baki kamar almakashinsa. Ranar da suka rabu, shigowa ya yi ya tarar da Auta a gaban talabijin yana ta danne-danne, ga wandunan mutane jibge a shago ba a kalmashe ƙafafunsu ba. Ya fizge wayar daga bango ya ce, "In ka tsallake ƙofar nan da wannan shirmen, ba ni ba kai." Auta ya naɗe wayoyinsa, ya rungumi na'urar wasan, ya tsallake. Magana zarar bunu ce. Tun daga ranar Tela bai kira ba, don girman kai, Auta ma bai kira ba, don ɗan ubansa ne.

Da aka share makoki, babbar 'yarsa, wadda yake kira Uwata, ta buɗe jakar. Riguna ne da takalmi, sai na'urar a naɗe cikin wata riga da Tela ya gane ɗinkinsa ne tun daga wuyanta.

"Haɗa min ita," in ji shi.

"Baba, me za ka yi da ita?"

"Abin da ya raba ni da ɗana, ai na ga fuskarsa ko?"

Ta haɗa. Ashe tun suna gida ɗaya takan saci hannu ta buga tare da ƙanenta, Tela bai taɓa sani ba. Wasan ya buɗe daidai inda Auta ya bar shi. Wani jarumi ne a kan doki, takubba biyu a ƙugu, gashi a ɗaure a ƙeya. Samurai suke ce masa, in ji Uwata. Yana tsaye a inda hanya ta rabu, iska na kaɗa ciyawa. A ƙasan hoton akwai layin rubutu biyu da harshen da Tela bai iya ba, wani ɗan haske yana kan na sama.

Uwata ta ba shi labarin tana kallon ƙasa. Tsohon da ya reni jarumin ne ya kore shi, don ya yi masa gardama a gaban mutane. Ya yi ta yawo yana sara ana saransa, yanzu ga shi ya zo ƙarshe. Shi wannan wasan rassa gare shi, ta ce, abin da ka zaɓa shi zai kai ka inda za ka ƙare.

"Me aka rubuta a nan?"

"Na sama ya ce, koma gida. Na ƙasa ya ce, ci gaba da tafiya."

Tela ya matso har numfashinsa na taɓa gilashin. "Hasken fa, a kan wanne yake?"

"Na sama, Baba."

"Na sama!" Ya tafa hannu, abin da bai yi ba tun ranar rasuwar. "Kin gani ko? Gida zai zo, ɗan banza, gida zai zo!"

Uwata ta juya ta shiga ninke rigar da na'urar ta zo a ciki.

"To in mutum ya zaɓa bai ji daɗi ba fa?" ya sake tambaya.

"Yawanci ana komawa baya a sake."

"Af, ashe ɗinki ne. In bai zauna ba a farke a mayar."

"Kusan haka. Amma don Allah kada ka taɓa komai sai ina nan."

Ta koya masa kunnawa da kashewa kawai, ta koma aikinta na kantin magani. Daga nan Tela ya samu wurin zuwa. Da zarar rana ta yi tsaka zai rufe keken ɗinki da zane, ya ja ƙofar shago, ya dawo ɗaki ya zauna gaban jarumin nan. Ba abin da ke faruwa. Doki na kaɗa wutsiya, kafaɗun mutumin na hawa suna sauka, hasken na nan inda yake. Aiki kuwa ya lalace. Tela da ake rantsuwa da layin ɗinkinsa, shi ne ya ɗinke wa wani malamin makaranta bakin aljihu ruf, mutumin ya dawo yana cewa ko gudun kada ya kashe albashi ne. Tela bai yi dariya ba, ya farke masa ya ba shi haƙuri.

Kallo ya daina isarsa. Yaron nan ya daɗe a tsaye a titi, in ji zuciyarsa, ga gida can, ga niyya ya riga ya yi, saura wanda zai ce masa shigo. Da an ba shi dama a waccan ranar, ai da gudu zai buɗe ƙofa. Kuma in abin bai yi kyau ba, ba sai a farke ba?

Wata ranar da rana ya ɗauki abin dannawar. Yatsansa mai kanta ta allura ya lalubi maɓallin da ya ga Uwata na taɓawa, ya danna.

Doki ya juya dama. Tela ya miƙe tsaye bai sani ba. Jarumin ya ratsa gonaki, ya haye gada, ya sauka a ƙofar wani gida na katako. Wani tsoho na zaune a bakin ƙofar, ya ɗago kai, ya daɗe yana kallonsa. Sai ya yi magana. Doguwar magana ce, a hankali, muryar ba ta tashi ba, ba ta kuma yi laushi ba. Rubutu na wucewa a ƙasa, Tela na bin sa da ido kamar zai tsinci kalma ɗaya.

"Me ya ce? Kai, tsoho, me ka ce masa?"

Jarumin ya durƙusa. Ko godiya yake yi, ko roƙo, oho. Hoton ya yi baƙi, sunayen waɗanda suka ƙirƙiri wasan suka fara hawa, alamar ya ƙare.

A haka Uwata ta same shi da yamma. Ta kalli talabijin, ta kalli hannunsa, ta ce, "Baba, me ka yi?"

"Mayar min da shi mararraba. Ki gaya min abin da tsohon ya ce."

Ta karɓa ta yi ta dannawa, ta shiga nan ta fita can. Can sai hannunta ya tsaya. Auta, ta ce, a kan mataki mai wuya ya sa wasan, wanda ba a komawa baya. Da an kai ƙarshe, tafiyar gaba ɗaya gogewa take yi. Ba ta duba ba a ranar, ba ta zaci haka ba.

Tela ya zauna. Ya shekara arba'in yana gaya wa masu koyon aiki cewa ɗinki ake farkewa, yanka ba a mayar da shi, ga shi yau ya sa almakashi da hannunsa.

"Zan iya nemo maka maganar tsohon a waya," in ji ta.

"Bar shi. Faro min daga farko, ko doki na gani."

Ta faro. Jarumin ya fito yaro sabo, ba tabo ko ɗaya a fuskarsa. Ba a jima ba wani mai gadi ya tare shi, layin rubutu biyu suka bayyana. Uwata ba ta taɓa komai ba, abin dannawar ma a cinyarta yake. Hasken ya zo da kansa ya zauna a kan na sama.

Tela ya daɗe yana kallon hasken.

"Uwata," ya ce, "dama kullum a sama yake tsayawa?"

Ta sa gefen mayafinta ta rufe fuska. Bai sake tambaya ba.