Furannin Marigayi Kyaftin

"Sake kashe shi in ji," Kaka ta ce. "Yadda kake kashe shi duk ranar Asabar. Kada ka rage komai."

Jagora ya gyara zama. Farar riga ya sako, ya sha turare har bayan kunne, don yau ce ranar farko da ya zo gaida kakannin Auta, telar nan da murmushinta ya raba shi da barci. Ita tana bayan labule, ƙafafunta kawai ake gani. Ga marigayin kuwa a kan kujerar roba, yana sosa diddige.

Yadda abin ya faro, hukumar kula da kayan tarihi ce ta kafa allo a gaban tsohon jirgin ruwan da ya kafe a bakin gaɓa, ta ɗauki Jagora ya riƙa zagayawa da baƙi. Shi kansa baƙo ne a garin. An ba shi jirgi, ba a ba shi labari ba. Abin da ya tarar tsatsa ce, da kashin tsuntsaye, da awaki masu shan inuwa. Shi kuwa mutum ne da littattafan soyayya suka gama cinyewa, sai ya ƙera nasa: wai guguwa ta taso, kyaftin ya tsirar da kowa, ya ƙi sakin sitiyari, ya nutse yana kiran wata doguwa mai idon barewa da ke jiransa a bakin taga. Mata su yi ta kuka, shi ma ya taya su. Ba a jima ba baƙi suka fara zuwa da furanni suna jerawa a gindin jirgin.

Akwai wani tsoho mai kamun kifi da ƙugiya da ba ya fashin zama a gefe. In an zo wajen nutsewar, shi ne ke fara cewa, "Allah ya jiƙan maza." Baƙi na watsewa sai ya tattare furannin ya tafi. Jagora ya ɗauka mai shara ne.

"Kaka, wallahi ban san Baba ne kyaftin ɗin ba," in ji Jagora, yana satar kallon tsohon mai ƙugiyar.

"Ai shi ya sani!" Ta nuna mijinta da mafici. "Tun da na auri mutumin nan, ko ganyen albasa bai taɓa miƙo min da sunan kyauta ba. Rana ɗaya sai ga fure. Wata Asabar ma fure. Na ce alhamdulillahi, tsufa ya zo masa da hankali. Har kwalli na koma sawa, ɗan nan! Har maƙwabta nake kira su zo su sansana! Da abin ya yi yawa na ce ko lambun wani yake shiga, na bi bayansa. Sai ga ni tsaye cikin baƙi, ana ta binne min miji, shi kuma yana share hawaye da hula. Ashe furen gawa nake sawa a kwalba."

Labule ya girgiza. Auta ce ke danne dariya.

"Fure dai fure ne," Kyaftin ya ce a hankali. "Ni aka kawo wa, na ba ki. Ina laifin?"

"Kai yi shiru, matattu ba sa magana." Ta juyo kan Jagora. "Guguwar me? Rana tsaka ce, ko iskar da za ta ɗaga ɗankwali babu. Ina bakin gaɓa ina wanke kifi, ya saki baki yana kallona, ya manta yana tuƙi. Jirgi ya hau yashi ya zauna, zaman da yake yi har yau. Ruwan ko ƙuguna bai kai ba, amma kyaftin guda yana sama yana salati, wai bai iya iyo ba. A bayan nan na goyo shi na fito da shi. Sannan ka zo ka share ni, ka kawo wata doguwa. Dube ni da kyau. Ka ga tsawo?"

Jagora ya duba. Babu.

"Ni dai na fi son naka labarin, ɗana," in ji Kyaftin. "Tun da nake a duniya ba a taɓa yabona haka ba. Don Allah ka bar ni a mace."

"To ka ji," Kaka ta ce. "Ba zan ba da jikata ga wanda ya sa ni takaba da mijina a raye ba. Ko doguwarka, ko Auta."

Zufa ta jiƙa farar rigar. Nutsewar nan ita ce abincinsa. Saboda ita motoci ke cika bakin gaɓa, saboda ita shugaban hukumar ya dafa kafaɗarsa a gaban jama'a. Wa zai taso daga nesa don ya ga inda wani ya yi wauta a ruwan da bai kai ƙugu ba? Ranar da ya ce ƙarya ya shirga, ƙila ranar zai ajiye hular aiki.

Amma sai ya lura da wani abu. Kaka na ta faɗa, hannunta kuwa yana gyara wa tsohon wuyan riga da ya lanƙwashe, ba ta ma san tana yi ba. Tsohon kuma kallonta yake, baki a ɗan buɗe, irin kallon da zai iya sake sa jirgi ya kafe. Mutum ya yi asarar jirgi sukutum saboda kallo ɗaya, kuma har yau bai ɗauke ido ba! Duk littattafan da Jagora ya kwana a kansu, babu wanda ya kai nan. Hawaye suka zubo masa.

"Ka gani ko," Kaka ta ce wa mijinta, "wannan ma ragon ne irinka. Auta, ina kika samo shi?"

Auta ta leƙo da ido ɗaya, dariyar ta tsaya. Jira take.

Jagora ya miƙe, ya share fuska da hannun riga.

"Ranar Asabar zan tashi Kyaftin daga matattu a gaban baƙi, ko da korata za a yi. Doguwa ce za ta nutse. Ke kuma Kaka, kujerarki na gaban jirgi. Baba, ka yi haƙuri, daga yau fure saye za ka yi."