San Kalilu da San Harisu

Kalilu ba rago ba ne, kada ma wani ya ce haka. Matsalarsa ɗaya ce, kuma duk shekara ita ce. Kafin ruwan farko ya sauka rumbunsa ya ƙare, sai ya tafi ƙwadago gonakin masu hali don yara su ci. Kafin ya waiwayi tasa gonar ciyawa ta ci ƙarfinta. Gero ya zo kaɗan, baɗi kuma a sake.

Shekarar da ta biyo bayan wani fari da aka yi, wata ƙungiya daga ƙasar waje ta zo ƙauyensu a gefen Zango da shanun huɗa. Mutanen kirki ne, har ga Allah. Amma don a yi adalci sai suka ba kowane gida sa ɗaya. Ɗaya tak! Duk wanda ya taɓa riƙe garma ya san sai da biyu take tafiya.

Nan da nan maƙwabta suka haɗa kai biyu-biyu. Aka bar Kalilu da wansa Harisu, waɗanda rabonsu da magana shekara huɗu, tun da alƙalin kotun Shari'a ya raba musu gonar gado, aka dasa layin gamba a tsakani.

Ruwa ya sauka ranar Laraba. Sa yana ɗaure yana tuƙa, hatsi ya kusa ƙarewa. Matarsa Haulatu ta ce, "Malam, in ba za ka je wurin Yaya ba, kawo karkiyar in sa wuyana."

Bai yi dariya ba. Kunya ce ta kama shi, da tsoron a kore shi.

Da hantsi ya ja sansa zuwa gona, bai san me zai ce ba. Sai ga Harisu tsaye a bakin gamba da nasa san, karkiya a kafaɗa. Ashe shi ma rumbun nasa ya kusa ƙarewa.

"Ina kwana, Yaya."

"Lafiya lau. Riƙe igiyar, a fara da taka."

Shanun sababbi ne, ba su iya juyawa ba. Da suka kai ƙarshen kunya suka zarce, garma ta tumɓuke gambar. Kalilu ya ja igiya da ƙarfi.

"Yaya, sun shiga taka."

Harisu bai ɗago kai daga garma ba. Ya ce, "Ƙyale su. Haka Baba yake huɗe ta."