Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Shekara uku ina rubuta littafin nan, shafi ɗaya kowace safiya bayan sallar asuba, kafin in tafi makarantar da nake koyarwa a Gummi. A zauren marubutanmu na waya kullum sai wani ya turo hoton fure da kalaman ƙarfafa gwiwa, wai a daure, kada a karaya, kowane shafi ci gaba ne. Ina karantawa ina tsaki. Mafi yawansu labarin soyayya suke rubutawa, ni kuwa matattun yara nake jerawa. Amma gaskiya ɗaya ce, dokar shafi ɗayan nan ita ta riƙe ni, ko ranar da nake jin kamar in cusa takardun a murhu.

Littafin na yaran da gubar dalma ta kashe ne a Dareta da Tungar Guru a shekarar 2010. A lokacin maza kan kwaso dutse mai zinariya a buhu su kawo cikin gari, a niƙa, a daka, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ba wanda ya san akwai guba a garin dutsen sai da yara suka fara jijjiga suna mutuwa. Na yi alkawari kowane yaron da na samu labarinsa zan ba shi babi guda, da sunansa na yanka a sama.

Nan ne aikin ya fi ba ni wuya. Idan yaron ɗan fari ne, uwarsa ba za ta faɗi sunansa ba, don a wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, kunya ce. Za ta ba ki labarin komai, har kalar rigar da ya mutu a ciki, amma da kin tambayi suna sai ta sunkuyar da kai ta aika a kira maƙwabciya. Maƙwabciyar ta faɗa, ni in rubuta. Ban taɓa matsa wa ko ɗaya ba, don na san abin a jikina.

Babi na talatin da takwas, na ƙarshe, na ɗana ne.

Ni ma a Dareta na yi aure. Mijina Lirwanu yana kawo dutse, ni ina dakawa a turmi da yaron goye a bayana. Shekararsa biyu da wata ɗaya. Da zazzaɓi ya kama shi na ga idanunsa sun canza, na san ba lafiya ba, amma ɗan fari ne, ga surukata a gidan. Yarinya mai tarbiyya ba ta tayar da hankali a kan ɗanta na fari a gaban surukai, jira take babba ya yi magana. Na jira kwana uku. Ran na huɗu ya shiɗe a hannun kakarsa, kafin a samo babur zuwa Anka ya cika. Ko kukan kirki ban yi a gaban mutane ba, har aka riƙa yabona da haƙuri. Har yau idan na tuna yabon nan sai in ji na tsani kaina.

Duk wannan na rubuta shi, ban rage komai ba. Sama kawai na bari fili.

Zinatu, mai buga mini littafin a kwamfuta a shagonta na bakin kasuwa, ita ta tsayar da ni.

"Malama Luba, babin ga na ƙarshe ba shi da suna. Mantuwa kinka yi?"

"Ban manta ba."

"To mi za ni sawa?"

"Bar shi hakanan, zan kawo miki."

Mako biyu ina zama gaban shafin da biro a hannu. Sunan yana cikin kaina daram, hannun ne ya ƙi. Sai na yi wa kaina dabara: zan yi yadda sauran uwaye suka yi, wani ya faɗa, ni in rubuta a matsayin mai ɗaukar labari. Lirwanu ramin haƙar zinariya ya rufta da shi a dajin Bukkuyum shekara tara da suka wuce. Surukata ta rasu. Maƙwabtanmu na Dareta sun watse, wasu ban san ko suna raye ba. Saura mahaifiyata, Inna Hure, da ke zaune a Anka gidan ƙanena.

Ran Asabar na shiga mota. Hanyar Gummi zuwa Anka yanzu ba mai hira a cikinta saboda tsoron 'yan bindiga, kowa idonsa a daji bakinsa na motsi da addu'a. Mun isa da hantsi.

Na samu Inna a inuwar ɗaki tana ɓarar gyaɗa, ta rame. Muka gaisa, ta tambayi makaranta, ta yi mini faɗan ban ƙara aure ba kamar yadda ta saba. Na fito da littafin rubutuna na ɗora a cinya.

"Inna, yaron nan nawa da ya rasu Dareta. Sunansa nake so ki faɗa mini."

Ta ɗago ta dube ni. "Angona? Allah sarki, Angona mai kunnuwa."

Haka take kiransa, irin wasan kaka da jika. Na ce, "Shi. Sunansa na yanka."

Ta ajiye gyaɗar. Bakinta ya yi ta motsi. "Junaidu?" Ta girgiza kai da kanta. "A'a, wanga ɗan Tasalla na. Nazir? Ba shi ba." Ta juyo gare ni. "Luba, ya ɓace min. Ni Ango nika ce mai. Ke ba ki hwaɗi, ubanai ya tahi, wa za ya tuna min?"

Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. "Inna, ke kika koya mini kada in faɗa. Ranar suna ke kika ja ni ɗaki kika ce ko da wasa kada a ji shi a bakina."

"Ni na," in ji ta. "Haka anka koya min."

Ta ɗauki gyaɗa ɗaya tana juyawa a hannu, ba ta ɓare ba.

"Kin san ba ke ta farina ba. Akwai wata gabanki, ɗiya mace. Wata bakwai ta yi, ƙyanda ta ɗauke ta."

Na sani sama-sama, ba a taɓa zancenta a gidanmu ba.

"Ban taɓa kiran sunanta ba, ko sau guda. Cikin raina nika aje shi. Bara in ga, damanar bara na tashi da sahe ina biɗar sunan, ban gane shi ba. Na biɗa, na biɗa. Babanku ya rasu, wanzamin ya rasu, duk wanda yaz zo sunan ya rasu." Ta share ido da bakin zane. "Ni ɗai ka riƙe da shi, kuma na yar."

Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba ko a hanya. Shekarata talatin da takwas, Inna ta haura saba'in, kuma da ƙuruciyarta ta fi ni riƙe abu a kai.

Na buɗe littafin, na danna biro har ya kusa huda takarda, na rubuta. Sannan na buɗe baki.

"Mas'ud."

Shekara goma sha bakwai da raɗa masa shi, ran nan ya fara fita daga bakina. Ban san lokacin da na waiga ƙofar gida ba, kamar zai shigo.

"Mas'udu," in ji Inna a hankali. "Shi na. Ƙara hwaɗi."

Na ƙara, na ƙara, har matar ƙanena ta leƙo daga madafa ta koma da sauri. Kukan da ban yi a Dareta ba a nan na yi shi, Inna na riƙe da wuyan hannuna.

Ran Litinin na kai wa Zinatu sunan, ta buga shi a saman babin. Ta ce in sanar a zauren marubuta cewa na kammala, su turo furanninsu. Na ce ta dakata, akwai sauran shafi ɗaya. Ba na gubar dalma ba ne, amma littafina ne, ni ke da iko da shi.

Na karanta mata ta buga: mace ce, 'yar farin Hure, ta yi wata bakwai a duniya.

Zinatu ta tsaya da yatsunta a kan madannai. "Sunan fa?"

"Bar wurin fili," na ce. "Wannan ba mai kawo miki shi."